Yadda Na Haɗa Madubin Hangen Nesa Da Gilashin Tabarau

'Yan uwa ɗalibai, ba sai mai kuɗi ke leƙa wata ba. Da gilashi biyu na haɗa nawa: na tabaran karatu mai lamba +1.00, da ke tattara haske a santimita 100, da na ƙara girman rubutu mai santimita 5. Na farko a bakin fayif, na biyu a siririn fayif mai zamewa cikinsa, tazararsu kusan santimita 105. Raba 100 da 5: ninki 20 ke nan, kamar na Galileo a 1609.

Daren farko dishi-dishi na gani, saura kaɗan in jefar. Da na rufe gilashin gaba da kwali mai huda santimita 2, sai ga ramukan wata, amma a juye. Ku gwada ran bakwai ga wata.

Don Allah kar ku kalli rana da shi, makanta ce.