Agadir: Darasi Daga Birnin Da Ya Rushe A Dare Guda

Ranar da malaminmu na darasin gini ya rubuta "Agadir" a allo, wani daga bayan aji ya ce, "Malam, Agadas ta Nijar?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, alhali ban san inda garin yake ba. Da na koma ɗaki na bincika, sai na ga akwai abin da ya kamata mu masu shirin karɓar difloma mu sani.

Agadir tana kudu maso yammacin Maroko, a bakin Tekun Atlantika, kusa da inda kogin Sus yake shiga teku. Daga arewa duwatsun Atlas ne suka tokare ta. Ita ce hedikwatar yankin Sus-Masa, kuma mutanenta sun haura dubu 400. Yanayinta ba zafi can, ba sanyi can, ga rairayin bakin teku mai tsawo, shi ya sa Turawa ke tururuwa zuwa hutu ko da a lokacin hunturu. Bayan yawon buɗe ido, garin na cin abinci da kamun kifi, musamman sardin, da noman lemo da tumatir, da man itacen argan.

Asalin mutanen wurin Berber ne, waɗanda suke kiran kansu Imazighen, kuma harshensu a wannan yankin shi ne Tashelhit. Kada ku ɗauka baƙi ne gare mu. Harshen Buzaye da muke gani a kasuwanninmu ɗan'uwan nasu ne, kuma rubutun Tifinagh da ke kan allunan hanya a Maroko daga na Buzaye aka gyara shi. Masana harshe ma sun sa Hausa da harsunan Berber a babban gida ɗaya. A 2011 tsarin mulkin Maroko ya amince da harshen Amazigh a matsayin na hukuma tare da Larabci. Ita kanta kalmar "agadir" tana nufin katanga, ko rumbu mai ganuwa inda jama'ar gari ke adana hatsi tare.

Tarihin garin na tashi ne da faɗuwa. Turawan Fotugal sun kafa sansani a wurin a 1505, sarakunan Sa'adi suka kore su a 1541. Daga baya wani sarkin Maroko ya karkatar da ciniki zuwa tashar Essaouira, Agadir ta koma kamar ƙauye. A 1911 Jamus ta aika jirgin yaƙi mai suna Panther ya tsaya a gaɓarta don ja da Faransa, har aka yi fargabar yaƙi a Turai.

To, ga inda darasin yake. Daren 29 ga Fabrairu, 1960, cikin watan azumi, gab da ƙarfe goma sha biyu, ƙasa ta girgiza na kimanin sakan 15. Mutum tsakanin dubu 12 da dubu 15 suka rasu, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. Abin mamaki, ƙarfin girgizar bai kai maki 6 ba. A ma'aunin masana, matsakaiciya ce. Me ya sa ta yi wannan ɓarnar? Na farko, ta taso kusa da saman ƙasa, kuma dab da garin. Na biyu, gine-ginen. Gidajen unguwanni irin su Talborjt na duwatsu ne da ƙasa, ba abin da ya ɗaure bango da bango. Har wasu otal-otal na kankare sun zube, don ba a tsara su su jure jijjiga ba. Mutane na barci rufi ya danne su.

Sarki Muhammad na Biyar ya ba da umarnin sake gina garin. Aka matsa kudu kaɗan daga wurin da ya rushe, aka kafa ƙa'idojin gini masu la'akari da girgizar ƙasa, aka yi tituna masu faɗi. Tsohuwar ganuwar da ke kan tudu, Agadir Ufella, tana nan tana kallon sabon birnin.

Wani zai ce, ai mu ba mu cika ganin girgizar ƙasa ba. Gaskiya ne, alhamdu lillahi. Amma sau nawa muka ji bene ya rufta a ƙasar nan ba tare da ƙasa ta motsa ba? A lokacin da na yi aikin koyon sana'a, da idona na ga ana ƙara yashi a kwaɓi don buhun siminti ya yi auki, na kuma yi shiru saboda ni ɗaliba ce, ina tsoron a kore ni. Har yau abin na damuna, don akwai iyalin da za su kwana a ƙarƙashin wannan dakin.

Nan da 'yan watanni mu ne za a tura mu duba rodi, mu auna kwaɓi, mu sa hannu. Ranar da mai gini ya ce mana, "Rage kaɗan, ba wanda zai sani," mu tuna da mutanen Talborjt. Allah Ya ba mu ikon cewa a'a.