Komowar Alice in Chains Bayan Shekara 14

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya ko ƙungiyar mawaƙan Amurka da ake kira Alice in Chains ta sake fitar da faifai bayan rasuwar mawaƙinta.

To, Malam, amsar ita ce ta fitar. Wannan ƙungiya, wadda aka kafa a birnin Siyatil a 1987, ta kuma shahara a zamanin salon kiɗan garanji mai nauyin jita da baitocin baƙin ciki, ta yi shiru bayan faifanta na 1995, saboda jarabar miyagun ƙwayoyi da ta kama mawaƙinta Layne Staley har ta zama ajalinsa a 2002. Sai a 2005, da sauran suka taru domin tallafa wa waɗanda bala'in tsunami ya shafa, himma ta farfaɗo. Daga bisani mawaƙi William DuVall ya shigo ƙungiyar, kuma a watan Satumba na 2009 faifan Black Gives Way to Blue ya fito.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne waƙar ƙarshe ta faifan, marsiyyar da ɗan ƙungiyar Jerry Cantrell ya tsara wa amininsa Layne Staley, inda Elton John ya kaɗa fiyano.