Tsohuwar da Ke Ɗakin Ƙarshe: Wa Ya Ba Ka Labarinta?

Karatu: 1 Sama'ila 1:9-18, Rut 1, Ayyukan Manzanni 6:1-7
Ayar haddacewa: Yakubu 1:27

Da wuya ka sami layi a Kurmin Mashi da ba shi da ita. Tsohuwa ce a ɗakin ƙarshe na gidan haya, ko wani tsoho a gidan da kwanon rufinsa ya yi tsatsa, ba mai shiga ba mai fita. Wataƙila ba ka san sunanta ba, amma labarinta kam ka haddace shi. An ce ita ta cinye mijinta. An ce 'ya'yanta tsira suka yi da ransu, shi ya sa ba sa zuwa. An ce ana jin maganarta da tsakar dare, kuma tun ranar da ta shafa kan yaron maƙwabta zazzaɓi bai sake shi ba. Yara sukan sheƙa a guje idan sun zo ƙofarta, ka kuwa san ba da wannan tsoron aka haife su ba.

Wa ya ce? Bi sawun "an ce" ɗin nan baki bayan baki, ka gani ko za ka iske mutum ɗaya da ya taɓa zama a tabarmarta na minti goma.

Eli firist ne, mutumin Allah, wanda ya shugabanci Isra'ila shekara 40. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin sujada a Shilo ya hangi mace ita kaɗai, leɓunanta suna motsi, murya ba ta fita. Nan take ya yanke cewa ta bugu. Abin da idonsa ya gani gaskiya ne, fassarar ce tasa, kuma ƙarya ce, gama Hannatu zuba wa Ubangiji baƙin cikinta take yi. Idan shafaffen firist zai dubi addu'a ya kira ta maye, kai da ni ba mu fi ƙarfin wannan kuskure ba. Sai dai ka lura da abin da ya cece shi. A gabanta ya faɗi zarginsa, ta amsa, ya saurara, ya sallame ta da albarka. Mu kuwa mukan gaya wa mai shago, mu gaya wa zumuntar mata, mu kai maganar wurin addu'a, ita kaɗai ce ba ta ji ba.

Yanzu ka ɗauko Na'omi ka ajiye ta a layinku. Ta bar Baitalami da miji da 'ya'ya maza biyu, bayan kamar shekara goma a Mowab ta komo ta binne su duka uku. Gari ya ɗauka da isowarta. Da mata suka tarye ta, sai ta ce su daina kiranta da sunanta, su riƙa ce mata Mara, wato mai ɗaci, tana kuma kokawa a fili a kan yadda Allah ya yi da ita. Mutuwa uku a gida ɗaya, ga ɗacin baki, ga tsufa. Me ya rage cikin alamun da muke lissafawa? Da a nan ne, da mun ja Rut gefe mun ce, "'Yata, rufa wa kanki asiri, ke ce ta gaba." Rut ta manne mata, a cinyar Na'omin nan kuma aka reni Obida, kakan sarki Dawuda.

Kaɗaicin tsofaffinmu yana da tarihi, kuma tarihin birnin nan ne. Da yawansu sun zo Kaduna da ƙuruciyarsu, wasu aikin soja, wasu reluwe, wasu masaƙa. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007, magidanta da dama suka mutu suna jiran haƙƙinsu, suka bar mata da hannu wofi. Ga kuma rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011. Iyalan masu bi da yawa suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha, Narayi, Romi da Gonin Gora, kamar yadda Musulmi da yawa suka baro can suka dawo wannan gefen kogi. Masu ƙarfi ne suka tashi. Tsoho da ya gina ɗaki biyu da guminsa ya ce ba inda za shi, gwauruwar da ba ta da kuɗin sabon haya ta zauna. Ƙawayenta sun tafi, wasu ma har majami'ar da aka ɗaura musu aure ta bi mutanenta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ɗan da yake leƙowa duk Lahadi ya koma sau ɗaya a wata. Kai da ka tare a layin shekara biyar da suka wuce, ƙarshen labarin kawai ka tarar, sai ka ƙaga masa farko.

Jiki ma yana da nasa bayani. Matar da ta yi shekara hamsin tana hura murhun itace, dole idonta ya yi ja. Farin da ke cikin idon, wanda yara ke tsoro, sau da yawa yana ce, ana kuma cire ta a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan kusa da mu wajen Mando. Barcin tsoho gajere ne, fitsari kuma yakan tashe shi sau uku kafin asuba. Wanda ya wuni ba wanda ya ce masa sannu, in bai yi magana da kansa ba da wa zai yi?

Mafi haɗari ita ce cutar mantuwa ta tsufa, wadda likitoci ke kira dimenshiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yakan kuma tsananta da yamma zuwa dare. Mai shi yakan kira matattu kamar suna tsakar gida, ya zargi jikansa da sata, ya fita neman gidan da ya bari shekara arba'in da suka shige. Sai gari ya waye a ga tsohuwa a ƙofar gidan wasu, zane ya kwance, ba ta san inda take ba. Kafin a ce me, an taru, an ce daga yawon dare ta faɗo. A tambaye ta, "Ke kika kama kurwar wane?" ta ce i. Da an ce ita ce matar gwamna, da i ɗin za ta ce. Wannan shi ake ɗauka a waya a yaɗa da sunan ta amsa laifinta. Irin wannan uwa likita take bukata, asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan a Barnawa.

A nan dole in yi magana da mu masu riƙe makirfo. Mun gaskata da baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, mun kuma san ikokin duhu suna aiki, ba mu janye ko ɗaya ba. Amma Afisawa 6:12 ta nuna mana cewa abokin gābarmu ba ɗan adam ba ne, 1 Korintiyawa 14:29 kuma ta umarta a auna kowane annabci. To, mu auna wannan da ake yawan ji a daren addu'a, cewa wata tsohuwa kusa da gidanka ta ɗaure ci gabanka. Me ya sa wahayin bai taɓa sauka a kan mai gidan haya ba, ko a kan uwar babban soja? Me ya sa kullum sai wadda ba ta da mai tsaya mata? A ganina annabcin da ke zaɓen marasa gata kaɗai tsoron mutum ne ya haife shi. Wanda ya ambaci sunan maƙwabciya a kan bagade ba tare da shaidu biyu ko uku ba ya karya doka ta tara, ko da ya fara da harsuna.

Wani zai ɗauko Fitowa 22:18. Ka ce masa ya sauko ƙasa kaɗan zuwa aya 22 har 24, inda Allah ya yi alkawarin jin kukan gwauruwar da aka wulaƙanta, ya kuma faɗi abin da fushinsa zai yi wa masu wulaƙanta ta. Masu sihirin da Littafi ya nuna mana sana'arsu a fili take, mutane na zuwa wurinsu, kamar Siman na Samariya. Bitrus bai tara wa Siman jama'a ba, tuba ya kira shi ya yi. A Afisa littattafan sihiri aka ƙone, masu su kuwa suka shiga ikkilisiya.

Kada ka ce ai hira ce kawai. A Kafaba ta ƙasar Gana, a Yulin 2020, an yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dūka har ta mutu, da rana tsaka, jama'a na kallo, bayan wata boka ta nuna ta. A Gambaga har yau akwai matan da ke zaman gudun hijira saboda irin wannan zargi. Kowane ɗayan waɗannan da "an ce" ya fara. Ka kuma sani, a dokar Nijeriya, ta arewa da ta kudu, kiran mutum maye laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.

Ikkilisiyar farko ma ta taɓa mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi azumi a kan matsalar ba, mutum bakwai suka sa aka zaɓa, cike da Ruhu da hikima, Istifanas na cikinsu, aka danƙa musu aikin. Ashe kai wa gwauruwa tuwo yana cikin ayyukan da ake neman cikakken Ruhu domin su.

Saboda haka a makon nan ka je. Ku tafi ku biyu, da rana, ka yi sallama, ka durƙusa ka ce, "Mama, ina wuni? Ni ne ɗanki na gidan can." In Musulma ce, ko tsohon Musulmi ne, hakan za ka yi, maƙwabtaka ba ta tambayar addini. Kada ka shiga da man shafewa kana ɗaure aljanu a kusurwar ɗaki, za ta gane abin da ka ɗauke ta. Ka duba randa ko da ruwa, ka duba ko an hura wuta yau, ka karɓi lambar wani nata, ka kai sunanta wurin dattawan ikkilisiya. Mai yiwuwa ta kore ka a zuwan farko, gama wanda aka daɗe ana jifa ba ya saurin buɗe ƙofa. Ka koma ranar Asabar. In ta miƙo maka ruwa a kofinta, ka sha a gaban yaranka.