Buga Ƙwallo a Wasan Sofbol: Hanyoyi Biyu da Yadda Ake Koya wa Yara

An fara wasan sofbol a birnin Shikago na ƙasar Amurka a shekarar 1887. Ƙanen wasan besbol ne, amma ƙwallonsa ya fi girma, domin kewayensa inci 12 ne, na besbol kuwa wajen inci 9. Mai jefa ƙwallo yana jefowa ne ta ƙasa, hannunsa ya wuce ta gefen cinya. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta mata a Atlanta a 1996, aka cire shi bayan gasar 2008, ya dawo a gasar Tokiyo da aka yi a 2021 inda Japan ta ci zinariya.

Abin da ya fi wuya a wannan wasa shi ne bugu. A wasan manyan mata, tsakanin mai jefawa da mai bugu ƙafa 43 ne kawai, wato mita 13 da 'yan kai, alhali a besbol ƙafa 60 da inci 6 ne. Gwanar jifa takan sako ƙwallo da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Ke nan mai bugu ba ta da ko rabin sakan ɗaya na ganin ƙwallo, da yanke shawara, da kaɗa sanda. Shi ya sa masu koyarwa suka daɗe suna gardama a kan yadda ya kamata a kaɗa sandar.

Hanya ta farko: juyin ƙugu

Babban malamin wannan hanya shi ne Ted Williams, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Boston Red Sox. A shekarar 1941 ya kai matsayin .406, ma'ana a cikin kowane zuwa bugu goma, sau huɗu yana yin bugun da ya kai shi tasha lafiya. Koyarwarsa ita ce ƙarfi daga ƙugu yake fitowa. Ƙugu ya fara juyawa, kafaɗu su biyo baya, hannuwa su zo daga ƙarshe ɗauke da sanda. Ya kuma ce sandar ta ɗan tashi sama kaɗan a lokacin bugu, tun da ƙwallo gangarowa yake yi sa'ad da ya iso. Amfanin wannan hanya shi ne ƙwallo yakan yi nisa. Haɗarinta ga ɗan koyo kuwa shi ne ya juya da wuri, kansa ya bi kafaɗarsa, ya daina ganin ƙwallo.

Hanya ta biyu: tura nauyi gaba

Wannan kuwa an fi danganta ta da Charley Lau, wanda ya koyar da bugu a ƙungiyar Kansas City Royals a shekarun 1970, kuma shahararren ɗalibinsa shi ne George Brett. Lau ya ce mai bugu ya fara ɗora nauyinsa a kan ƙafar baya, ya yi taku, ya tura nauyin zuwa ƙafar gaba wadda ta kafe, kansa a sunkuye yana kallon ƙwallo, hannuwa su miƙe sosai bayan bugu. Mai bin wannan hanya ba ya yawan kuskuren ƙwallo, yana kuma iya aika shi kowane sashe na fili. Amma yaron da ya zarce da ita yakan zube gaba tun ƙwallo bai iso ba, sai ya buga da hannu kawai, babu ƙarfi.

Me na'urar ɗaukar hoto ta nuna?

Shekaru da yawa ana gaya wa 'yan sofbol cewa bugunsu dabam yake da na besbol. Ana cewa su sari ƙwallo daga sama zuwa ƙasa kamar mai faskare, wai don akwai jifar da ke tashi sama in ta kusa isowa. Da aka sami bidiyo mai rage gudun hoto, sai aka ga abubuwa biyu. Na ɗaya, yawancin wannan jifa ba sabon tashi take yi a ƙarshe ba. Juyawar da ƙwallo ke yi da baya ce take hana shi faɗuwa kamar yadda ido ya zata. Na biyu, gwanayen bugu na sofbol da na besbol kusan abu ɗaya suke yi. Duk suna yin ɗan taku su tura nauyi gaba, kamar yadda Lau ya koyar. Da zarar diddigen ƙafar gaba ya taɓa ƙasa, sai tafiya gaba ta tsaya, ƙugu ya juya, kamar yadda Williams ya koyar. Ashe hanyoyin biyu rabi da rabi ne na bugu guda: taku tukuna, sannan juyi. Bambancin sofbol shi ne ƙarancin lokaci, don haka takun gajere ne, shirin kuma da wuri ake fara shi.

Akwai wani salo da sofbol ta keɓanta da shi, inda mai bugu daga ɓangaren hagu take taɓa ƙwallo tana cikin gudu don ta riga jifa isa tashar farko, wadda ke nisan ƙafa 60 kacal. Natasha Watley ta Amurka ta yi suna a kansa. Wannan darasi ne na gaba, sai an iya bugun tsaye.

Koya wa yara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya matsa masa da yawa zai karya shi. Ga abubuwan da malami ko babban ɗalibi mai taimaka wa ƙannensa zai kiyaye:

1. Sanda daidai ƙarfin yaro. Ya riƙe ta da hannu ɗaya a miƙe a gefensa, a ƙirga ashirin. In hannun ya sauka, ta yi masa nauyi. Sanda mai nauyi takan sa yaro ya saki kafaɗar baya, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari.

2. Riƙo a yatsu. Na-dama zai sa hannun hagu a gindin sanda, na dama a samansa, su haɗe. Kada a damƙe ta a tsakiyar tafi, domin wuyan hannu zai sandare.

3. Tsayuwa. Ƙafafu su ɗan fi kafaɗu faɗi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, idanu biyu suna kallon mai jefawa.

4. A fara da ƙwallo a tsaye. A kafa guntun bututun roba a cikin bokitin yashi, tsayinsa daidai ƙugun yaro, a ɗora ƙwallo a kai. Wanda bai iya buga ƙwallon da ke zaune ba, ba zai buga mai gudu ba. Ko manyan 'yan wasa ba su daina wannan atisaye ba.

5. Sannan jifa a hankali. Malami ya durƙusa a gefe yana wurgo ƙwallo sannu sannu. Ga 'yan shekara goma zuwa ƙasa, a Amurka ana amfani da ƙwallo mai inci 11 da nisan ƙafa 35.

6. Gyara ɗaya a rana. In aka ce wa yarinya ta gyara ƙafa, da gwiwar hannu, da kai, duk a bugu ɗaya, ba za ta gyara ko guda ba. A dubi abin da ya fara lalacewa. Mai zubewa gaba tana bukatar darasin juyi, mai juyawa da wuri tana bukatar darasin taku.

7. Tsaro. Mai bugu ya sa hular kwano, kowa ya ja da baya, kuma a ajiye sanda bayan bugu, kada a yi wurgi da ita.

Abin lura na ƙarshe shi ne kuskure yana cikin jinin wasan. Williams da kansa, a shekararsa mafi kyau, sau shida cikin goma ba ya samun bugun da yake nema. Malamin da ya yi wa yaro tsawa a kan kowane kuskure zai sami ɗan wasa mai tsoron kaɗa sanda, kuma irin wannan yaro yakan bar fili kafin ya gano abin da zai iya. A yaba wa kaɗawa mai kyau ko da ba ta sami ƙwallo ba, a bar gardamar Williams da Lau ga manya, a ba yaro ƙwallo ashirin ya buga yau, gobe ma ashirin. Sannu ba ta hana zuwa.