Gwajin Sababbin Magunguna da Harshen Neman Yarda: Nazari a kan Amosanin Jini da Taɓin Hankali

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wasu gwaje-gwajen asibiti na baya-bayan nan a kan cutar amosanin jini da kuma taɓin hankali, musamman waɗanda aka gudanar a Kano da Kaduna da Ibadan da Kumasi. Manufarta ita ce nuna cewa ingancin irin wannan bincike a ƙasar Hausa ya dogara a kan kalmomin da ake yi wa majiyyaci bayani da su, da kuma waɗanda ake auna sauƙinsa da su. Wannan fage ne da ya shafi manazarta harshe da al'ada kai tsaye, ko da yake har yanzu an bar wa likitoci shi.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. An ba rabinsu sabon maganin, aka ba sauran wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa ta bakin ma'aikatan jinya. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har zuwa 2009, inda aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Idan aka duba da kyau, ginshiƙin wannan taƙaddama tambaya ce ta harshe: me aka faɗa, da waɗanne kalmomi, kuma me mai sauraro ya fahimta?

Tun daga wancan lokaci binciken asibiti ya bunƙasa a arewacin Nijeriya, an kuma kafa masa dokoki. Sai dai tambayar tana nan. Kafin a koma kanta, ya kamata a fayyace yadda gwajin yake.

2.0 Yadda Ake Gwajin Magani

Sabon magani yakan bi matakai uku kafin hukuma ta amince da shi. A matakin farko ana ba mutane kaɗan domin a ga ko jiki zai ɗauka. A na biyu ana neman adadin da ya dace da alamar amfani. A na uku ne ake tara majiyyata da yawa a raba su rukuni biyu, ba da zaɓin likita ba, ba kuma da zaɓin majiyyaci ba. Kwamfuta ce ke rabawa, kamar yadda ake jefa ƙuri'a. Sau da yawa likita da majiyyaci duk ba su san wanda ya samu wane magani ba sai an kammala. Hikimar wannan ita ce a kawar da son rai, domin likitan da ya yarda da maganinsa yana iya ganin sauƙi inda babu shi.

3.0 Amosanin Jini: Daga Kano Zuwa Gyaran Ƙwayar Halitta

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar a kowace shekara. Ɗaya daga cikin munanan illolinta ga yara ita ce shanyewar ɓarin jiki. Akwai na'urar da ke auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma yaron da nasa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari babba. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini a kai a kai yana rage wannan haɗari da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Amma ƙarin jini kowane wata, shekara da shekaru, abu ne da yawancin gidaje a Kano ba za su iya ba, ga tsada, ga ƙarancin jinin da aka tantance.

Wannan ne ya sa likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka juya ga haidroksiyuriya. Tsohon magani ne da ake sha ta baki, wanda ke sa jiki ya ƙara samar da nau'in himogulobin na jarirai, wato wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Gwajin da suka kira SPRING ya ƙunshi yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 a Kano da Kaduna. An ba rukuni ɗaya miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki a kullum, ɗayan kuma miligiram 20. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna yara uku ne suka samu shanyewar ɓarin jiki a rukunin farko, biyar a na biyu, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Duka adadin biyu sun yi ƙasa ƙwarai da abin da ake gani ga yaran da ba su samu magani ba. Ke nan ƙaramin adadi, wanda ya fi araha, ya wadatar wajen kariya, ko da yake masu shan miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Muhimmancin wannan gwaji bai tsaya ga lissafinsa ba. An tsara tambayarsa ne daga halin da iyayen Kano ke ciki, ba a ɗauko ta daga wata ƙasa aka zo nema mata majiyyata ba.

A ɗaya gefen kuma akwai Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba. Shi ne magani na farko da aka gina a kan fasahar CRISPR, wadda za a iya kira almakashin ƙwayar halitta. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara wurin da ke kashe samar da himogulobin na jarirai, a rushe ɓargon da ke jikinsa da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara. Daga cikin mutum 31 da aka bi diddiginsu, 29 sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma maganin da ke rushe ɓargo yana iya hana haihuwa. Akwai wani abu da labaran jaridu kan tsallake: gyaran ya shafi ƙwayoyin jini ne kawai, don haka wanda aka yi wa shi yana iya gadar wa 'ya'yansa cutar kamar da. Duk wanda ya fassara wannan da kalmar "waraka" ba tare da ƙarin bayani ba, ya saka iyali cikin kuskuren da zai bayyana a ɗakin haihuwa.

Ba kowane sabon magani ne ke ɗorewa ba. A Satumban 2024 an janye Oxbryta daga kasuwannin duniya, shekara biyar bayan amincewa da shi, saboda bayanan da suka nuna ƙaruwar tashin ciwo da mace-mace.

4.0 Taɓin Hankali: Inda Magana Ce Ma'auni

A fagen lafiyar ƙwaƙwalwa ma an samu motsi. Tun daga shekarun 1950 kusan duk magungunan cutar sikizofireniya suna aiki ne ta toshe hanyar sinadarin dofamin. A Satumban 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Cobenfy, wanda ke bi ta wata hanyar daban a ƙwaƙwalwa. Sai dai manyan gwaje-gwajen da aka dogara da su na mako biyar ne kacal, alhali cutar ta tsawon rayuwa ce, don haka murnar da aka yi ta ɗan yi gaggawa. Wata guda kafin nan, hukumar ta ƙi amincewa da sinadarin MDMA a matsayin maganin firgicin da ke biyo bayan bala'i. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawancin waɗanda suka sha shi sun gane sun sha, saboda yadda yake juya hankali, ke nan sirrin da gwajin ya dogara a kansa ya tonu.

Binciken da ya fi kusa da rayuwar Bahaushe bai ƙunshi sabon sinadari ba. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a mujallar Lancet a 2020, a kan majiyyata kimanin 300 da ke jinya a hannun masu maganin gargajiya da masu addu'a. A rabin wuraren an haɗa masu maganin da ma'aikatan lafiya na matakin farko, suna kai ziyara suna ba da magani da shawara. Bayan wata shida, majiyyatan waɗannan wurare sun fi sauran samun sauƙi. Wannan ya yi daidai da abin da masana irin su Murray Last da Lewis Wall suka bayyana game da ƙasar Hausa tun a shekarun 1980, cewa majiyyaci ba ya ɗaukar boka da malami da likita a matsayin kishiyoyi, yana zagaya su ne gwargwadon yadda ya fassara ciwonsa. A Zimbabuwe ma, gwajin Dixon Chibanda na 2016 ya horar da ma'aikatan unguwa, yawancinsu dattijai mata, su zauna da masu damuwa a kan benci su tattauna matsalolinsu. Ya gina aikin a kan kalmar Shona mai ma'anar yawan tunani, ba a kan sunan cutar na asibiti ba, kuma ya samu nasara.

A nan ne batun harshe ya fi nauyi. Ana auna amosanin jini da na'ura, amma babu gwajin jini da ke nuna damuwa. Ma'aunin kawai shi ne jerin tambayoyi da amsar majiyyaci. Idan aka fassara tambaya da "baƙin ciki", mai amsawa na iya ɗauka ana nufin hassada, domin Hausa na cewa wane yana baƙin ciki da arzikin wane. "Ɓacin rai" ya fi karkata ga fushi, "damuwa" kuma ta haɗa da ta rashin kuɗin cefane. Tambayar da ta shafi yanke ƙauna tana da nata cikas, domin Musulmi da yawa ba za su furta sun yanke ƙauna ba ko da suna jin haka, saboda abin da furucin ke nufi a addini. Duk adadin da aka tara daga irin waɗannan amsoshi, ingancinsa bai wuce na fassarar ba.

5.0 Kalmomin Takardar Yarda

Kundin ƙa'idojin binciken lafiya na Nijeriya na 2007 ya wajabta a nemi yardar mai shiga bincike da harshen da yake fahimta. Abin da aka saba yi shi ne a rubuta takardar da Ingilishi, a fassara ta zuwa Hausa, sannan wani ya mayar da ita Ingilishi a kwatanta. Wannan hanya tana kama kuskuren kalma, amma ba ta kama kuskuren fahimta, domin masu fassarar biyu duk 'yan boko ne da suka riga suka san abin da ake nufi.

Kalmar "magani" kanta ta fi takwararta ta Ingilishi faɗi. Ta ƙunshi abin warkarwa da na kariya da na biyan buƙata, kamar maganin ƙarfe da na farin jini, kuma a duk waɗannan akwai zaton cewa mai bayarwa ya san yana aiki. Da zarar an ce "za mu ba ɗanka magani", an riga an yi alkawarin da gwaji bai yi ba. Ƙwayar da ba ta ɗauke da sinadari, wadda ake ba rukunin kwatanci, ta fi wuyar suna. "Maganin bogi" ko "jabu" suna ɗauke da ma'anar zamba, kuma a ƙasar da jabun magunguna suka yi ɓarna, wannan ya isa ya kori mutane. Zai fi kyau a siffanta ta, a ce ƙwaya ce mai kama da maganin amma babu komai a cikinta, a kuma faɗi dalilin ba da ita.

Rabon rukuni kuwa yana da kalma a shirye. "Caca" da "canki-canki" ba su dace ba, ta farko haramun ce, ta biyu wasan yara. "Ƙuri'a" ta fi su, domin fiƙihu ya san ta a matsayin hanyar adalci tsakanin masu haƙƙi daidai, kamar wadda miji ke yi tsakanin matansa idan zai tafi da ɗaya tafiya. Matsalarta ita ce a bakin mutanen yau ta koma ta zaɓe, inda mutum ke zaɓar abin da yake so, wato akasin abin da ake nufi. Dole a haɗa ta da misali.

Jimlar da ta fi kowace rauni ita ce mai cewa mutum yana iya ƙin shiga ko janyewa ba tare da ya rasa kulawa ba. Fassararta ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne uwar da ke zaune gaban likita, wanda ɗanta ke hannunsa, ta ce a'a. Kunya da girmama na gaba sukan sa ta ce "to", kuma "to" a Hausa tana iya zama yarda, tana iya zama "na ji" kawai. Sau da yawa ma hukuncin ba nata ba ne ita kaɗai, sai ta koma gida ta shawarci maigida ko surukarta. Takardar da ke neman sa hannu ko dangwale nan take ba ta bar wa wannan shawara wuri ba. Haka kuma akwai dattijai da ɗaliban tsangaya masu karanta ajami da kyau, amma ana lissafa su cikin marasa karatu saboda takardar da boko take. Hanyar da ta fi tabbas ita ce mai neman yardar ya zama ba likitan da ke duba yaron ba, a ba iyali kwana ɗaya ko biyu, sannan a roƙi uwar ta maimaita da bakinta abin da za a yi wa ɗanta, da wanda zai zaɓi rukuninsa, da abin da zai faru idan ta fasa.