Kafin ku yarda da abin da waya ta faɗa game da ƙasarku

'Ya'yana na Kachia da kewaye, ku matso mu yi magana a kan wayoyin nan da ke hannunku. Ba faɗa zan yi ba. Raina yana yin fari idan na ga yaro ya sayi data don ya san ƙasarsa, ko ɗalibar da aka ba aikin rubutu a kan al'adun kudancin Kaduna tana lalube a intanet, ko wanda zai yi baƙo daga Legas yana neman inda zai kai shi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk shafin da kuka buɗe wani mutum ne ya rubuta shi, a wata rana, da wata manufa. Ku nemi sanin ukun nan kafin ku ɗauki maganarsa ku kai gaba.

Mu fara da Nok, tunda shi ne sunan da duniya ta fi sanin yankinmu da shi. Ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, maƙwabtanmu. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a wajen, sannan a shekarun 1940 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya gane cewa kawunan da ake ta tsinta aikin al'umma ɗaya ce ta da can. Shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Wannan labarin za ku same shi a shafuka barkatai, mafi yawansu kwafar juna suke yi, har da kurakuran. In kuna son ruwan da ba a gurɓata ba, ku hau can mafarinsa. Tun 2005 masana daga Jami'ar Goethe da ke Farankfot a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, suka yi shekaru suna haƙa a wannan yanki tare da hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya. Su ne suka nuna cewa mutanen Nok sun fara tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma manoman gero ne da wake. A 2021 ma aka fitar da binciken da ya gano sauran kakin zuma a jikin tukwanensu. Ku duba fa: sana'ar zuman da har gobe ake yi a ƙauyukanmu ta haura shekara 3,000. Ku haɗa sunan Nok da sunan malamin ko na jami'ar wajen bincike, za ku ga bambancin abin da zai fito. Rubutun da ya faɗi wanda ya haƙa, da inda ya haƙa, da shekarar, shi ne abin riƙewa.

Akwai wata dabara da za ta rage muku wahala. Tsofaffin littattafai da takardun gwamnati sun rubuta Kadara, Jaba, Kaje da Kataf, alhali masu abin suna kiran kansu Adara, Ham, Bajju da Atyap. Wanda ya nemi suna ɗaya kawai, rabin labari zai samu. Da tsohon sunan za ku ci karo da irin littafin C. K. Meek na 1931 a kan ƙabilun Arewa. Ku karanta, akwai amfani a ciki, amma ku tuna ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, kuma irin waɗannan bayanai ta bakin tafinta ake tattara su. Da sabon sunan kuwa za ku ji 'ya'yan gida suna magana da kansu. Harshen Tyap ya samu nasa Wikipedia tun 2022, ga kuma ta Hausa tana ta ƙaruwa. Mai sha'awar harsuna ya nemi kundin harsunan Najeriya na Roger Blench, kyauta ake samunsa, zai sha mamakin yawan harsunan da ke tsakanin Kachia da Kafanchan kaɗai.

Batun tafiya kuwa, a nan nake so ku fi buɗe kunne, domin kuskure a tarihi maki yake ci, kuskure a hanya kuwa yana iya cin rai. Google Maps zai zana muku titin Kaduna zuwa Kachia, ta Kujama da Kasuwan Magani da Kufana da Idon, har ya faɗa muku awa nawa za ku yi. Bai san inda ruwa ya cinye kwalta ba, bai san abin da ya faru daren jiya ba, bai san lokacin da direbobi suke daina ɗaukar fasinja ba. Wannan ilimin yana tasha. Ku duba taswira don ku san nisa da mararraba, sannan ku je ku gaishe da direban da ya shigo da safen nan ku tambaye shi, ku kuma buga wa wani na garin da za ku. Matambayi ba ya ɓata. Gwamnatocin Ingila da Amurka suna da shafukan da suke gargaɗin mutanensu game da zuwa Najeriya, kuma baƙonku daga waje ya riga ya karanta su. Kada ku yi fushi da su, kada kuma ku ce ƙarya ne, domin mun san gidajen da aka yi makoki. Sai dai jiha guda suke shafa wa launi ɗaya, ku kuwa kun san ba haka ƙasa take ba. Ku faɗa wa baƙo gaskiyar abin da kuka sani, in hanya ba ta yi ba ku ce masa ya dakata.

Hotuna ma suna ruɗi. Magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, yadda take a watan Agusta ba haka take a Maris ba, don haka ku duba ranar da aka ɗauki hoton. Wanda ya ga ginin nan na kan dutse a Kajuru zai ɗauka fadar wani sarkin da ce, alhali wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980. Bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ake yinsa, wannan ba ya canzawa, amma Tuk Ham na Kwoi da ake yi wajajen Ista sai kun tabbatar da ranar daga masu shirya shi. Tikitin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna, tun 2021 ake sayar da shi ta intanet. Ku shiga ta shafin hukumar jiragen ƙasa kanta, kada ku tura kuɗi ga wanda ya ce zai samo muku.

Sai muhalli, wanda a gare mu nan maganar tuwo ce. Babu wanda ya manta daminar 2023, lokacin da cuta ta ruɓar da citta a Kachia da Jaba da Kagarko, manoma suka tashi hannu rabbana. A irin wannan lokaci saƙonnin magani suke yawaita a WhatsApp, babu sunan marubuci, babu rana. Cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa da ke Umudike ita aka ɗora wa binciken citta, ga kuma cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ku nemi abin da suka ce, ku haɗa da malamin gona. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa. Hasashe ne, Allah ne masani, amma ya fi jita-jita, kuma in kun karanta wa iyayenku shi kafin su binne iri kun yi aikin lada.

Ina roƙonku ku gwada wani abu guda. Ku buɗe Google Earth, ku nemo garinku, ku koma tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, ku kwatanta kurmin bakin rafinku na da da na yau. Shafin Global Forest Watch kuma yana nuna inda itatuwa suka ɓace shekara bayan shekara tun daga 2001. Bayan kun gani, buhunan gawayin da ke jere a bakin titi za su fara yi muku wata magana daban. Ba na zargin mai gasa gawayi, yara yake ciyarwa. Amma matashin da ya je gaban hakimi da hoton 2005 da na bana a hannunsa, za a saurare shi fiye da wanda ya zo da ƙorafi kawai.

Za ku kuma tarar garuruwanmu da yawa babu komai a kansu, wasu ma ba a sa su a taswira ba. To, wa kuke jira? OpenStreetMap kowa yana iya ƙara sunan ƙauye da rafi da makaranta. Ku zauna da kakanninku ku naɗi muryarsu a kan yadda ake biki da sunayen itatuwa, amma ku nemi izininsu tukuna, abin da suka ce na cikin gida ne ku bar shi a gida. In kuma garma ta tono muku kan yumɓu a gona, kada ku ɗora hotonsa da sunan wurin a Facebook. Masu haƙar sata sun riga sun lalata wuraren Nok da yawa, kuma su ma suna da waya. Ku bar shi inda yake, ku sanar da mai unguwa, a kai labari gidan tarihi na Kaduna. Allah ya yi muku albarka.