Noman Ciyawa a Lambu Mai Gangare

Wanda ya bi hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka buɗe a 1930, in ya iso Gagarawa Tasha a ƙasar Gumel, zai ga ƙasar duk jigawa ce da kwari. Babban lambu a nan da wuya ya rasa gangare. To, mai irin wannan lambu abokan gābansa biyu ne, watau ciyawa da zaizaya, kuma in ya yi gaggawar kashe ta farin, sai ya buɗe wa ta biyun ƙofa.

Dalili kuwa shi ne, rairayi ba shi da riƙo. In muka share gangare tas, ruwan farko mai ƙarfi sai ya kwashe ƙasar sama duk da takinmu ya kai kwari. Saboda haka sai mu ja kunya a gicciye, kada mu bi gangaren da ita. Tsakanin 'yan kunyoyi kuma mu bar layin gamba, ta tare ruwa, da kaka mu yanke ta mu yi zana.

Noma daga tudu za mu fara, domin ruwa shi ke gangaro da irin ciyawa ƙasa. Noman firi kada ya wuce mako 3 bayan shuka, sa'an nan maimai ya biyo tun ciyawa ba ta yi fure ba. Ƙarangiya da harkiya ba su da wuya, in aka sare su da hantsi aka bar su cikin kwarin kunya, rana ta gama da su, su zama rufin ƙasa. Amma kiri-kiri da aya-aya dabam ne. Kowane guntun saiwa da fartanya ta datse sabon tsiro ne, sai dai a tono, a kwashe a kwando, a fitar daga lambun.

Wadda ta fi su duka sharri ita ce wuta-wuta. Tana kama saiwar gero ko dawa tun tana cikin ƙasa, kafin mu ga furenta ja ta riga ta sha rabonta. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, irin nan kuwa yakan shekara fiye da 10 a ƙasa bai mutu ba. Mu tuge ta da hannu kafin ta yi 'ya'ya, mu ƙone, kada mu ba dabba, don kada taki ya komo mana da ita. Inda ta yi yawa mu sa gyaɗa baɗi, gama gyaɗa takan sa irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Ƙasa mai taki kuma ba ta cika jin ɓarnarta ba.

Maganin feshi yana rage wahala, amma a gangare mu kula. Abin da aka fesa a tudu ana dab da ruwa, gobe yana kwari, inda rijiya take.